Miyar da Halti Batul Ba Ta Taɓa Dafawa Ba

A Aswan ta ƙasar Masar shakka ta fara shiga raina, kuma kalma ɗaya ce ta jawo ta. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin da muka kama haya mu da wasu mata 'yan gudun hijira, la'asar ta yi sanyi, Halti Batul tana yi mini magana ta waya daga Italiya. Cikin zumuɗin mai son a yaba masa na ce, "Halti, ribolitarku da farin wake kuke yin ta, ko da ja?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyar nan, tun ba ki iso ba kina tambayar riba? Riba sai an yi aiki."

Ni ma na yi dariya, don ba a barin babba yana dariya shi kaɗai. Amma da na ajiye wayar sai na zauna ina juya amsarta. Ribolita ba riba ba ce. Sunan miya ne, miyar da duk mutumin yankin Toskana ya sani tun yana goye. Kuma matar da ta daɗe tana gaya mana tana da gidan abinci a Toskana ba ta taɓa jin sunan ba. Kamar mace ta ce tana sayar da abinci a kasuwar Sinja, can ƙasarmu Sudan, ka ambaci kisra, gurasar dawar da kowa ke ci, ta ce maka wace ce kisra.

Halti muke ce wa 'yar'uwar uwa a wajenmu. Ita da Innata kakansu ɗaya, gida ɗaya suka tashi a ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da Sinja, inda kowa ke shuka albasa da kuɓewa in ruwa ya ja baya. Ta daɗe da barin gida. Abin da muka sani game da ita hoto ne da ta aiko: tana tsaye da ludayi a gaban manyan tukwane na ƙarfe, bangon bayanta duk shuɗin tayil. Inna ta nuna wa kowa hoton nan, har mai kawo mana gawayi. Da yaƙi ya rufe makarantu, ni kuma na gama sanawi, wato sakandare, ina jiran shiga jami'a a Madani, Halti ta ce a turo ni, tana neman hannu a kicin, kuma gara nata da bare. Ta ce miyar ganye ce aka fi saye a wajenta.

To ni yarinyar makaranta ce. In aka ce mini za a yi jarrabawa, karatu nake yi. Na duƙufa a kan waya ina kallon tsofaffin matan Italiya suna dafa miya, ina bin fassarar Larabci a ƙasa. Na koyi cewa babbar miyarsu minestirone ba ta da ƙa'ida ɗaya, abin da gona ta bayar a lokacin shi ake zubawa. Na koyi cewa ta girmi tumatir da dankali a ƙasar, don kafin a kawo waɗannan daga hayin teku, talakawa hatsi da albasa da wake da ganye suke haɗawa a tukunya ɗaya. Mutanen Milano suna zuba mata shinkafa. Mutanen Jenoba suna daka ɗoɗɗoya da tafarnuwa da mai su sa a kai. Akwai wadda makiyaya da masu ƙona gawayi ke yi a daji, sunanta akwakota, wato dafaffen ruwa, don kusan ba komai a ciki sai albasa da ganyen da aka tsinko a hanya. Na haddace sunan kowane ganye da harshensu. Ban koyi yadda ake cewa sannu ba, ban koyi yadda ake tambayar hanya ba. Na ɗauka waɗannan Halti za ta koya mini.

Akwai wata Zahra 'yar Rusairis a ɗakin, ta ɗan girme ni, bakinta ba ya ajiye magana. Ta ji abin da aka yi a waya. Na ce mata ai mai gidan abinci ba lalle ta shiga kicin ba, ma'aikata ke dafawa. Ta ce to ludayin cikin hoton fa, ado ne? Na ji haushinta har na ƙi cin abinci da ita ranar. Gaskiyar magana, ko na yarda da ita babu inda zan koma. Inna da ƙannena sun riga sun bar ƙauye, suna raɓe a gidan dangi a Damazin, kuma duk wayar da muka yi Inna na cewa in yi wa Halti biyayya, ta ba ta ni amana.

Daga Masar aka ɗauke mu zuwa Libiya. Halti ta ce ba sai na damu da komai ba, wani mutum da take kira Rayis ya shirya hanya, ni dai in bi duk wanda ya ambaci sunansa. Na bi. Direban farko ya ce mu ba shi wayoyinmu saboda masu bincike a kan iyaka, zai mayar mana in mun tsallaka. Mun tsallaka, ya sauke mu a bayan wani gari, ya juya motarsa yana ɗaga mana hannu. Da wayar ta tafi, hotunan gida suka tafi, tsofaffin matan nan masu dafa miya ma suka tafi. Abin da ya rage shi ne abin da ke kaina.

An ajiye mu a wani gida mai dogon bango, ba a fita. Ban so in yi dogon bayani a kan gidan nan ba. Abin da zan iya faɗa shi ne wata tsohuwa maƙwabciya da ke miƙo mana kwano ta saman bango in masu gadi sun tafi masallaci. Shorba ce, miyarsu ja, mai ɗanɗanon na'ana'a, da ƙananan taliya kamar ƙwayar shinkafa a ciki. Ba mu taɓa ganin fuskarta sosai ba, sai hannu mai lalle da gefen mayafi. Wata rana Zahra ta tambaye ta me ya sa take yi. Ta ce ɗanta ma yana wata ƙasa, ba ta san wa ke ba shi abinci ba.

A gidan nan na fara karanta miya kamar yadda ake tilawar darasi. In tsoro ya taso mini, bayan na yi addu'o'in da na sani, sai in fara: a soya albasa da karas a man zaitun a hankali, kada su ƙone, a zuba mai tauri kafin mai laushi, wake a raba shi biyu, rabi a murje don miya ta yi kauri. Zahra ta ce ni kaɗai ce ta taɓa gani tana dafa abinci da baki. A kan teku ma, da ruwa ya fara shigowa jirgin roba mata suna kuka, ita ce ta matse mini hannu ta ce, "Rumaisa, yi mana ta Milano." Na yi ta yi mata ta Milano, har wani babban jirgi ya hango mu.

A sansanin da aka kai mu a Sisili na fara ganin minestirone da idona. Aka ba kowa roba ɗaya da cokali da ɗan burodi. Na gane karas, na gane wake, na gane kabewa. Amma sai na ga na ajiye cokali ina jira, Zahra ma tana jira, matan Sudan da ke teburinmu duk suna jira. Ni da na yi karatun abin na san haka suke shan ta, amma hannuna ya ƙi yarda. A gidanmu miya ba ta zama abinci sai da abin da za a ci da ita, tuwo ko kisra. Zahra ta leƙa ƙofar kicin ta ce bayin Allah sun kawo miya sun manta tuwo, a yi musu uzuri, aiki ya yi musu yawa. Muka yi dariyar da muka daɗe ba mu yi ba, har ma'aikaciyar wurin ta zo tana tambaya da hannu ko gishiri ne ya yi yawa. Miyar ta huce kafin mu sha.

Na ari wayar wani na kira Halti. Ta ce kada in zauna a sansanin, masu zama shekaru suke yi, in fita kamar zan je kanti, akwai wanda zai sa ni a mota. Zahra ta roƙe ni. Ta ce nan aƙalla an rubuta sunanmu, an san muna raye. Ta ce, "Ni ba ni da kowa a ƙasar nan, kuma wallahi na fi ki kwanciyar hankali." Na ce mata jini ba ya cutar jini. Ta raka ni bakin ƙofa, ta cire ɗankwalinta mai kauri ta ɗaura mini, ta ce an ce arewa akwai sanyi. Ban sake ganinta ba.

Halti Batul ta tarye ni a tashar wani ƙaramin gari kusa da Firanze. Da ƙyar na gane ta. Ta rame, rigar sanyinta ta tsufa, babu awarwaron da ke cikin hoto. Ta rungume ni ta yi kuka, kuma har yau na yarda kukan na gaske ne, wannan shi ya fi ci mini rai. Ta tambayi Inna, ta tambayi wa ya mutu wa ya haihu, ta tambayi ko bishiyar mangwaron gidan kakansu tana nan. Ɗakinta katifa ɗaya ce a ƙasa da risho. Ta karɓi takardar da aka ba ni a sansani ta ce za ta adana mini. Na tambayi gidan abinci. Ta ce gobe.

Washegari da rana muka fita. Muka bi ta bayan wani coci, sai ga layi: tsofaffin Turawa, samari baƙaƙe, mata da jakunkuna, kowa shiru. Muka shiga layin. Na ɗauka hanya ce za mu ratsa. Da muka isa ciki na ɗaga kai, sai ga shuɗin tayil, ga manyan tukwanen ƙarfe. Wurin da ake ba marasa hali abinci sadaka ne. Halti ta ɗauki faranti kamar yadda kowa ke ɗauka, ta miƙo mini ɗaya, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ci, kyauta ne."

Tarbiyyar da aka yi mini ba ta da wurin da yaro ke tambayar babba don me ya yi ƙarya. Na zauna na sha miya da shinkafa a ciki, ina ji a raina wannan ta Milano ce, ina jin kunya kamar ni na yi laifin.

Da muka koma ɗaki wayarta ta yi ƙara. Ta juya baya tana Larabci ƙasa-ƙasa, kamar ta manta a Sudan aka haife ni. Na ji ta ce, "Amanarka ta iso, ya Rayis. Lafiya lau, ba abin da ya same ta." A wajenmu in ka ba direba ƙunshin kaya ya kai wa wani a Madani, amana ake ce masa. Inna ta faɗi kalmar da ma'ana ɗaya, Halti ta karɓe ta da ɗaya ma'anar.

Ta fito da wata leda ta zazzage a kan katifa. Riga ce da ba ta kai gwiwa ba, da takalmi mai tsini. Ta ce in gwada. Na ce wannan na wane aiki ne. A nan ne ta zauna ta yi mini magana a fili, muryarta ba fushi, kamar mai bayanin farashin albasa. Ta ce ba ita ta ɗauki nauyin hanyata ba, Rayis ne, kuma shi ba sadaka yake yi ba. Ta ce yana da gida a wani gari inda 'yan mata ke zama, maza na zuwa. Ta ce, "Aiki aiki ne, ɗiyata. Wasu na tsinkar tumatir har bayansu ya karye. Ke Allah ya ba ki fuska. Shekara kaɗan ki gina wa uwarki gida, wa zai tambaye ki?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da kakansu. Ta janye ƙafar ta ce gobe da azahar zai zo, a bakin layin abinci zai same mu, don ba ta son ya san ɗakinta. Ta kulle ƙofa ta sa makullin a cikin rigarta.

Da gari ya waye na ƙi sa rigar. Ta ce ba komai, can za su sa ni. Muka shiga layi, hannunta a damtsena kamar mai tallafa wa mara lafiya. A tsallaken titi akwai wata farar mota a tsaye, Halti ta ɗaga mata kai sau ɗaya. Ta ce mu ci tukuna, hanya da nisa.

Na duba ko'ina. Mutane cike da ɗaki, kuma ba ni da kalma ɗaya da zan ce musu. Ban san yadda ake cewa ku taimake ni ba. Ban san yadda ake cewa 'yan sanda ba. Layi yana tafiya har muka iso gaban mai zuba miya. Wata tsohuwa ce gajera mai farin gashi, damatsanta kamar na mai daka. Ta tsoma ludayi ta ɗago, sai na ga miyar ta yi kauri har ba ta zuba, ga baƙin ganye, ga farin wake, ga burodi ya narke a ciki. Bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Ribolita."

Tsohuwar ta ɗago ta yi murmushi, ta ce wani abu da na fahimci yabo ne. Ta zuba mini, tana jiran in wuce. Ban wuce ba. Na kama gefen teburin da hannu biyu na ci gaba: kabolo nero, fajoli, pane, cipolla, karota. Baƙin kabeji, wake, burodi, albasa, karas. Ina faɗa ina kallon cikin idonta, hawaye na zuba har cikin farantin. Halti ta mintsine ni ta ce in wuce, ina tsayar da layi. Da kayan ribolita suka ƙare na shiga na Milano. Da suka ƙare na shiga na Jenoba. Muryata tana hawa, mutanen bayanmu sun yi tsit. Murmushin tsohuwar ya tafi. Ta kalli hannuna a kan teburin, ta kalli yatsun Halti a damtsena, ta kalli Halti.

Ta ajiye ludayi. Ta ɗaga katakon da ya raba mu, ta kama wuyan hannuna ta ja, tana magana da ƙarfi da fara'a kamar ta sami mai taya ta aiki, har da ciro rigar kicin ta rataya mini a wuya. Halti ta biyo mu tana wani guntun Italiyanci, tana cewa 'yarta ce, ba ta da lafiya. Tsohuwar ta tura ni cikin kicin, ta rufe ƙofa, ta jingina bayanta da ita, ta yi wa wani mai wanke-wanke magana. Ya goge hannu ya ɗauki waya.

Ta bayan ƙofar Halti ta koma Hausa, Hausarmu ta gida, da muryar da take tambayar mangwaro. Ta ce in fito kada in kunyata ta a gaban Turawa. Ta ce me za ta ce wa uwata. Can sai muryar ta karye. "Rumaisa, ni ma haka anka yi min. In ba ki fito ba, ni za shi kama." Wallahi saura kaɗan in buɗe. Na yi taku ɗaya. Tsohuwar ba ta jin ko kalma, amma ta girgiza mini kai, ta jawo kujera, ta ajiye mini tulin albasa da wuƙa. Na zauna ina yanka. Hannuna ya san wannan aikin ko da kaina ya tsaya. Ina yanka har muryar Halti ta yi nisa, har ta ɓace.

Ina nan zaune tsohuwar ta ciro wata tukunya daga firiji, miyar jiya ce ta daskare. Ta kakkarya busasshen burodin da ya kwana ta zuba, ta mayar kan wuta. Na karanta a waya cewa ma'anar sunan shi ne wadda aka sake tafasawa, amma a waya tana cikin faranti mai kyau, na ɗauka wata dabara ce ta manyan masu dafa abinci. Sai da na ga tukunyar jiya a kan wuta na gane. Ɗumame ne. Abin da Inna ke ba mu da safe kafin makaranta muna ɓata rai. Na ratsa sahara da teku, na yi watanni ina haddace ɗumamen wasu mutane. Dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi, tsohuwar ta dafa mini kai har ta wuce.

Bayan azahar wata mata 'yar Maroko ta iso, mai aiki da wata ƙungiya da ke kula da mata irina. Larabcinta daban da namu, sai da muka riƙa maimaita wa juna. Na gaya mata komai. Ta fita ta yi waya, ta yi magana da wasu jami'ai biyu da suka zo, ta daɗe. Ni ina kallon ƙofa, duk motsin da aka yi sai in miƙe.

Da ta dawo ta zauna kusa da ni. Ta ce farar motar ta tafi tun da aka ga jami'ai. Ta ce takardar da Halti ta riƙe ba komai ba ce, za a sake yi mini wata. Ta ce yanzu za a fitar da ni ta ƙofar baya zuwa wani gida a wani gari, gidan da ba a faɗa wa kowa inda yake, kuma dokar ƙasar tana tare da wadda aka yi wa irin abin da aka so yi mini.

Na tambaye ta Halti fa. Ta ce wannan sai abin da bincike ya nuna. Na ce in ta zo layi gobe? Ta juya ta tambayi tsohuwar. Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa ta amsa a gajarce, tana juya tukunya. Matar ta ce, "Ta ce za ta zuba mata. Ba a hana kowa a nan." Na rasa ko haushi nake ji ko sauƙi.

Sai matar ta riƙe hannuna biyu, ta yi magana a hankali don kada Larabcin ya ɓace mini. "Ki saurare ni. Ba wanda zai zo ya ɗauke ki. Ba yau ba, ba gobe ba. Kin tsira."

Ta miƙo mini wayarta ta ce ko akwai wanda nake so ya sani. Lambar Inna tana kaina. Na danna ta har ƙarshe, na tsaya ina kallonta. Na san Inna za ta yi hamdala, ta yi kuka, ta kira ƙannena su ji muryata. Daga nan za ta ce in ba 'yar'uwarta waya ta yi mata godiya.

Na mayar wa matar wayarta, na ce a bari sai na huta.